Hannun da Aka Ji Nauyin Fesawa

Taƙaitaccen bayanin lamarin shi ne: a wurin baje kolin dabbobi masu jan ciki na birnin Semarang, wani dattijo mai kiwon mesa, Pak Darmaji, wato Baba Darmaji, ya ƙudurta halaka macijin wani, ya kuma cim ma ƙudurinsa daidai yadda ya tsara. Abin da ke biye bayani ne a kan sashen da bai tsara ba.

Wanda ya nufa shi ne Gunarso, yaron da shi da kansa ya koya wa sana'ar. A baje kolin bara Gunarso ya riƙe lasifika yana raha, ya ce macizan Pak Darmaji sun yi ritaya tare da mai su, ba abin da suka iya sai barci. Jama'a suka yi dariya. Shi ma dattijon ya yi, domin haka tarbiyya ta tanada. Da ya koma gida ya kasa cin abinci. Matarsa, Bu Lastri, ta ce ai wasan yara ne. Ya ce ya sani. Bai daina sani ba har shekara ta zagayo.

A ɗakin macizansa akwai wata farar mesa mai ɗigon ruwan ɗorawa, wadda ya shafe shekaru yana haɗa iri kafin ya samo ta. Da ita aka san shi a ƙungiyar masu kiwo. A rumfar bayan gida kuma ya killace wata da ya sayo da murar macizai, cutar da ke cika baki da majina, ba ta jin magani, tana bin hannu daga akwati zuwa akwati. Ranar baje koli da safe ya goge bakin marar lafiyar da hankicinsa, ya ninke, ya sa a aljihu.

Zauren ya cika. Masu damo suna yawo da su a kafaɗa kamar gyale. Manyan kunkuraye sun tusa kai cikin ganye, ba ruwansu da kowa. Hawainiya tana kallon jama'a da ido ɗaya, tana neman ƙofa da ɗayan. Yara sun yi layin ɗaukar hoto da jaririn kada da aka ɗaure wa baki. A kan kowane tebur akwai kwalbar feshin maganin kashe ƙwayoyin cuta, kuma doka ce ba mai taɓa dabba sai an fesa masa hannu.

Sai dai dokar ta baƙi ce da matasa. Babu ɗalibin da zai miƙa wa malaminsa kwalba, kamar yana cewa hannunsa da ƙazanta. A kan wannan kunyar dattijon ya ɗora shirinsa.

Gunarso ya miƙe, ya rusuna ya gaishe shi.

"Pak, an zo duba jikoki ke nan?"

"Na zo ganin ma'aikata, Mas, tunda nawa sun yi ritaya," in ji dattijon, yana kiransa da "Mas" yadda ake kiran matashi cikin ladabi a garin.

Gunarso ya sunkuyar da kai. Ya fito da namijin mesarsa, baƙi wuluk mai sheƙi. Ya dubi kwalbar, ya dubi malaminsa, ya tura kwalbar bayan akwati. Pak Darmaji ya share tafinsa da hankici, ya kama kan macijin, ya buɗe bakinsa kamar alƙalin gasa, ya yaba lafiyarsa. Da yamma macijin ya zo na ɗaya.

Ba a rufa mako ba sai ga Gunarso a ƙofar gida, shi da dattawan ƙungiya, ɗauke da akwati. Ya ce maganar da Pak ya yi a tebur ta nuna masa cewa rahar bara ba ta warke ba, ya kasa sukuni. Don haka ya kawo zakaran gasar a haɗa shi da farar mesa, kuma duk ƙwan da ta yi na Pak ne, ba ya son ko ɗaya. A cikin masu kiwo babu ban haƙurin da ya kai wannan. Bu Lastri ta kawo shayi tana share hawaye.

Pak Darmaji ya ce lokacin barbara bai yi ba. Dattawa suka tuna masa cewa damina ta sauka. Ya ce farar ba ta daɗe da cin abinci ba. Matarsa ta gyara masa lissafi.

"Ko dai har yanzu ba ka yafe ba, Pak?" in ji Gunarso.

Magana ɗaya ce za ta ceci ɗakin nan, dattijon kuwa ya san ta. Ya dubi dattawan da suka san shi shekara da shekaru, ya dubi matarsa.

"Na yafe, Mas. Buɗe akwatin."

Baƙin suka zauna hira har la'asar. Kafin su tashi, macizan biyu sun nannaɗe juna. Pak Darmaji ya raba su, ya wanke ɗakin lungu-lungu, amma cutar ta riga ta shiga.

Da mutuwa ta fara, Gunarso ya dawo yana kuka, yana neman gafarar kawo annoba gidan malaminsa. Wannan haƙurin ma Pak Darmaji ya karɓa.

Mai karatu, in magana ta ɓata maka rai, ka faɗa wa mai ita tun tana magana, domin ramuwar ɓoye ba ta tsayawa inda aka aike ta, kuma mai ita ba ya iya yin gargaɗi ba tare da ya tona kansa ba. Dokar tsafta kuwa a yi wa kowa, har da wanda ake jin nauyinsa.

Asarar da aka yi ita ce: wajen Gunarso, zakaran gasa da matan mesa huɗu. Wajen wasu mutum biyu da suka yi maƙwabtaka da teburinsa, macizai tara. Wajen Pak Darmaji, farar mesa da wasu talatin da ɗaya, wato ɗakin gaba ɗaya. Wanda ya san dalili, mutum ɗaya, kuma duk wata yana zuwa taron ƙungiya ana yi masa jaje.