Unguwar da Mama Ta Zaɓa

"Nan ta yi miki, Mama?" in ji ɗana, yana rage gudun mota.

Cewa ya yi gida ya yi mana kaɗan, ni ce babba, in zaɓi unguwar da za a koma. Ta farko ga kasuwa ga asibiti, amma motoci kamar su bi ta kan mutum. Na ce ina jikokina za su yi wasa?

Wannan kuwa can bayan gari take, inda kwalta ta ƙare. Gidaje jefi-jefi, ba famfo, ba maƙwabci. Amma ga fili fetal.

"Nan," na ce. "Gwiwata za ta jure nisan. Yara su samu wurin guje-guje."

Ranar tashi, katifata da akwatina kaɗai aka ɗora a mota. Muka iso, ɗaki ɗaya ne da banɗaki.

"Ina ɗakin yaran?"

Bai kalle ni ba. Ya miƙo min makulli.

"Ai mu muna can inda muke, Mama. Za mu riƙa leƙowa. Kuma kowa shaida ne, ke kika zaɓa."