Mai Malafa a Cikin Rumfa

Iska ce ta fizge rumfar ƙofar gidan Hajiya Mairama a unguwar Tandabawi, ta yar da ita tsakiyar lungu. Akoko ne mai kauri, ninki biyu, an ɗinke bakinsa. Da ya faɗi sai ɗinkin ya farke.

Sai ga zanen mutum bisa doki a cikin ninkin, da malafa mai faɗi, bindiga a hannu, jajayen duwatsu a bayansa, rubutun Nasara a sama. Waɗanda suka biyo ta Sudan suka gane shi nan take: irin zanen kaboyi ne da ake kafawa a ƙofar silima.

A Makka! Kuma a gidan Mairama, wadda ke kankare fuskar da ke jikin gwangwanin shayi kafin ya shiga ɗakinta. Tun da ta sauka daga jirgin ruwan Bur Sudan da tsohon ciki, ba miji, ba wanda ya taɓa kama ta da wasa. Ƙwarya take sassaƙa wa alhazai, zanen ganye da igiya kawai, ba ta yin abu mai rai.

"Ku dubi wushiryar nan," in ji Dauda mai gawayi. "Wallahi Lurwanu ne! Kansa ya zana, ɗan banza."

Lurwanu ɗanta ne tilo, shi ke rubuta allunan masaukan alhazai a unguwar Jarwal. Fenti na hannunsa, fuska tasa. Wace shaida ta rage?

Umda, mai unguwa, ya yanke magana: a ƙone abin a gaban jama'a, kuma daga yau kada wanda ya sake ba yaron aikin allo.

Lurwanu ya rantse har muryarsa ta dushe. Da ya ga ba mai ji, ya juya wajen uwarsa.

"Inna, ke kika ɗinka rumfar nan tun ina rarrafe. Ki faɗa musu."

Ta ja mayafi ta rufe baki. Kalma ɗaya ta ishe shi, amma unguwa duk tana kallonta, har da matan da ta sha yi wa faɗa kan hoto.

Ita ta kawo kananzir. Hannun da bai taɓa kuskure a kan ƙwarya ba ya ɓata ashana uku.

"Inna, dubi kuncinsa," in ji shi a hankali. "Tsaga ce. Ni ba ni da tsaga."

"Aib, ya walad. Abin kunya ne, yaro. Sunkuyar da kanka."

Ya sunkuyar, wuta ta ci malafar, ta gangaro. Bai ƙara ɗagowa ba, don haka bai yi wa fuskar ubansa kallo na biyu ba. Kaboyi da yawa Mairama ta zana wa wani Bagirke mai silima a Bur Sudan har ta sami kuɗin jirgi, wannan da ta yi wa fuskar uban Lurwanu ne kaɗai ta hana Bagirken.