Tsumma a Kan Fitila

Tasalla ta lura Yaya Sabitu ya ɗaure fitilar ƙofarsa da tsumma. Tunda aka sa wa gidaje fitilar da ke yin ja idan an yi ƙarya, ko "lafiya lau" an daina cewa.

Zuwanta na uku ke nan. Maƙwabciyarta Bayahudiya ta ce su sau uku suke neman gafarar ɗan'uwa kafin su roƙi Allah.

"Yaya, ƙarya na yi maka. Inna ta yi ta kiran sunanka kafin ta cika. Haushin tafiyarka ya sa na ɓoye."

"Ba zan taɓa yafe miki ba."

Sai ja ya ratso tsumman.

Tasalla ta yi kamar ba ta gani ba. Ta ajiye masa carbin Inna a bakin ƙofa, ta juya.