Shugaban 'Yan Lambu da Ruwan da Ya Ƙi Shiga Gona

Ka ce tun da ka fara sauya tsarin aiki a wurinku mafarkai suka hana ka sakat. To, gyara zama in ba ka misali.

An yi wani mutum da 'yan lambun wata fadama suka zaɓa ya shugabance su. Su arba'in ne, magudana ɗaya ke kawo musu ruwa daga madatsa, kuma tun zamanin iyayensu dokar guda ce: wanda ya riga ya tare, shi ya sha. Masu lambu a kan ruwa su ƙoshi har su yi ɓarna, na can wutsiya kuwa sai ido, albasarsu tana ƙonewa. Wata shekara abin ya yi tsanani, har na wutsiya suka ce in aka ƙara kwana goma a haka sun yi asarar rani. Shugaban mutumin kirki ne, abin yana ci masa rai. Sai dai yana da ciwon masu kaifin kai, in ya gane abu gani yake kowa ya gane. Ya shige zaure shi kaɗai kwana biyu, ya fito da takarda: kowa rabin yini, bi da bi, ba babba ba yaro, za a fara ran Asabar. Ya tara jama'a ya karanta musu. Suka sunkuyar da kai suka ce, "To, madalla." Ya koma gida har da 'yar waƙarsa, ya manta mutanenmu ba sa ce wa shugaba a'a a bainar jama'a. Su ce maka to, su bar ka da halinka.

Daga ranar, duk sanda ya kishingiɗa ƙailula a gindin mangwaron lambunsa sai mafarki guda ya zo masa. Ya ga ya buɗe ruwa, ruwan ya gangara tiryan-tiryan yadda ya tsara. In ya isa bakin gonar mutum sai ya tsaya, ya russuna ya ce, "To, madalla," ya ƙi shiga. Haka har gona ta arba'in. Daga nan ya juyo ya haura tudu ya nufo shi, ya kama masa idon sawu, ya kai gwiwa, ya kai wuya. Sai ya farka jiƙe da gumi. Kwana uku a jere ana haka, tsoro ya kama shi sosai, ya ce lalle maƙiya ne suka sa shi gaba. Ya tafi wurin tsohon malaminsa neman rubutun sha. Malam ya saurare shi har ƙarshe, sannan ya ce, "Ɗana, a mafarkin nan, ina masu gonakin?" Shugaban ya ce bai ga kowa ba, sai takalmansu a bakin kunyar gona. Malam ya yi murmushi ya ce, "Wannan ba aikin maƙiya ba ne. Idonka ya ga abu ranar taro ka ƙi kulawa, shi ne zuciyarka take maimaita maka. Je ka nemo masu takalman."

Ya bar takardar a aljihu, ya bi lambu-lambu, ya tsuguna da kowa shi kaɗai. Nan ya ji abin da bai taɓa zato ba. Mai gonar jigawa ya ce rabin yini banza ne a wurinsa, ƙasarsa kamar rariya take, kaɗan-kaɗan kullum take so. Mai gonar laka ya ce in ya sha rabin yini tumatirinsa ruɓewa zai yi. Wani albasarsa ta kusa cira, ruwa ma ba ya so. Wata tsohuwa da ke noma lambun marigayin mijinta layinta ya faɗo ranar kasuwa, ranar da take kai alayyafo gari. Mutum shida na kan ruwa kuma har sun gama shawara, ran Asabar za su fasa magudana su sha abinsu, kome ta fanjama fanjam. Da an kai Asabar a haka, da ƙungiya ta watse, albasar wutsiya ta bi ta.

Ya sake kiran taro, wannan karon a bakin magudana. Ya miƙa wa tsohuwar nan kara ta zana ranarta a ƙasa, kowa ya biyo baya. Aka yi musu, aka ɗaga murya, har wani ya tashi cikin fushi aka janyo shi. Shugaban kuwa daɗi ya cika shi, don bai ji madalla ko ɗaya ba. Tsarin da ya fito karkatacce ne, bai kai nasa kyau a takarda ba, amma ran Asabar kafin azahar ruwa ya shiga lambun ƙarshe na wutsiya.

Da ya kishingiɗa a gindin mangwaro ranar, ya sake ganin ruwan a mafarki. Ya zo ya wuce shi da gudu, ko sallama bai yi masa ba, ya faɗa gonakin mutane. Sai la'asar sakaliya ya farka, ya yi hamdala, wuyansa a bushe.

Don haka kafin ka nemi mai fassara mafarkinka, zagaya ka tambayi waɗanda sauyin zai sauka a kansu. Hausawa sun riga sun faɗa: mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.