Jagoran da Ya Rage Gudu a Bakin Layi

Asabe, tun da kika ce za ki bar aikin nan na yi wa makafin 'yan mata jagora a filin tsere, wai don ba a ganin mai yinsa, hankalina bai kwanta ba. Ni karatuna bai yi nisa ba, amma ga wani misali.

An yi wani saurayi mai gudu kamar barewa, aka haɗa shi da wani makaho mai neman gurbin zuwa gasar ƙasa. A tseren makafi, 'yar igiya ce da ba ta kai kamu ɗaya ba take haɗa su, ɗayan bakin a hannun makaho, ɗayan a hannun jagora. Ba a yarda jagora ya ja ba, ba a kuma yarda ƙafarsa ta riga ta makahon taka layin ƙarshe ba. To, ranar tseren farko, da saurayin nan ya ji ihun 'yan kallo, sai ya manta gudun ba nasa ba ne. Ya finciki igiya, ya riga makahon shiga da taku ɗaya tak. Su ne na ɗaya, amma alƙalai suka soke. Makahon bai yi faɗa ba. Ya dai shafa inda igiyar ta sale masa fata, ya ce, "Malam, ai ni ba akuya ba ne."

Saura dama ɗaya, bayan wata uku. Saurayin ya ɗaure idonsa da ƙyalle, ya sa wani ya ja shi zagaye guda, ya ji yadda fizga take ga wanda ba ya ganin gabansa. Daga nan ya koma sauraron numfashin abokinsa, yana daidaita taku da nasa, yana faɗa masa ga kwana, ga miƙaƙƙiya, har igiyar ta zama tana lilo a tsakaninsu ba mai jan wani. Ranar tsere na biyu suna gaba, saura taku uku, ƙafarsa na ƙaiƙayi, sai ya danne zuciyarsa ya ja baya. Wasu a cikin 'yan kallo har suna cewa ya gaji. Makahon ya shiga layi shi kaɗai da ƙirjinsa, ya samu gurbinsa. Sunansa aka kira a lasifika, ba a ambaci jagora ba. Amma kafin makahon ya karɓi gaisuwar kowa, sai da ya bi igiyar nan da lalube har ya kamo hannun da ke ɗaya bakin, ya ɗaga shi sama.

Ni dai har gobe gabana faɗuwa yake in kun fita fili, kar wata ta yi tuntuɓe ta kayar da ke. Amma in mata suka tambaye ni aikin 'yata a gidan suna, da ƙarfi nake faɗa. Ki riƙe igiyarki, 'yar nan. Ja da baya ga rago ba tsoro ba ne.