Ƙafa Huɗu Take So

Sau uku ke nan matar tana zuwa shagon, kuma har yau ba ta tambayi kuɗin injin ba.

Mai shagon ya shekara talatin yana sayar da injin ɗaga mota, ya san masu saye kamar yunwar cikinsa. Maza ne, sukan zo da baƙin mai a farce, su bubbuga ƙarfe, su yi ta jan ciniki. Wannan kuwa 'yar siririya ce, ba ta dariya, kullum da tef ɗin awo a jakarta.

Ranar farko ya nuna mata mai ƙafa biyu, wanda ke tallabe mota ta ciki ya bar tayoyi suna reto. Ko kallo bai ishe ta ba. Mai ƙafa huɗu take so, wanda mota ke hawa ta zauna daram a kan tayoyinta. Ta ce na maigidanta ne, makanike ne, a garejin gida za a kafa.

"To ya zo ya gani mana, 'yar'uwa. Ai mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo."

"Bai sani ba," ta ce. "Kuma ba na son ya sani sai an kafa."

Ya yi murmushi, ya ce Allah ya ba mu irinku. Ba ta taya shi ba.

Zuwa na biyu ne murmushin ya gudu. Ta sa shi ya lissafa mata duk hanyar da injin zai iya sakin mota a kan mutum. Idan igiyar ƙarfen ta tsinke fa? Ya nuna mata sakatun da ke kama kowace ƙafa. Idan sakata ɗaya ba ta shiga ba fa? Idan an ja hannun saukewa alhali mutum yana ƙasa? A hankali motar za ta sauko, ko gaba ɗaya? Duk abin da ya faɗa sai ta rubuta a bayan wata takardar asibiti.

Yau kuma ta jawo wata taya ta zauna kusa da injin, ta miƙa hannu ta kama hannun saukewa, ta ja, ta sake ja, kamar mai gwada ƙarfinta. Sannan ta ce ya kunna. Ta saurari gurnanin har ƙarshe.

"Idan yana wannan ƙara, ƙofa a rufe, mutum ya yi ihu a ƙarƙashi, na cikin gida zai ji?"

Mai shagon ya zuba mata ido. Sau ɗaya a rayuwarsa ya taya jawo mutum daga ƙarƙashin mota, kuma har yau ba ya iya cin nama idan ya tuna. Ya dubi tabon da ya ratsa tafin hannuwanta biyu, ya dubi idanunta da suka faɗa. Allah kaɗai ya san abin da mijin nan ya yi mata. Amma ko me ya yi, ba da ƙarfen shagonsa za a rama ba.

Ya ce ƙa'idarsa ce ba ya kafa inji sai ya ga ɗaki, ya auna rufi, ya gwada kaurin siminti. Gaskiya ne. Sai dai ba siminti yake son gani ba.

Da hantsi suka isa. Garejin a share yake tas, sufanu jere a bango, amma ƙura ta kwanta a kansu. A tsakiyar daɓen akwai wuri ɗaya da aka goge har ya yi fari fat. Wani tsohon jak na ɗaga mota yana yashe a lungu, wuyansa a karye.

Ya ɗaga tef zuwa rufi, ya ji sanyi a ransa, don ya sami hujja.

"Ba zai yiwu ba. Rufin ya yi ƙasa. Ko an ɗaga motar har ta taɓa sama, namiji ba zai iya miƙewa a ƙarƙashi ba."

"Tsayin ya isa haka," ta ce.

Ya naɗe tef ɗin a hankali.

"Baiwar Allah, ba zan sayar miki ba. Sai na ga mijinki ido da ido, ya ji tambayoyin da kika yi mini."

Ta sha gabansa, ta haɗa hannuwa. "Don Allah, Baba, ka rufa mini asiri. Idan ya ji yanzu, shi ke nan, zai hana."

Ya zagaye ta, ya nufi ƙofar da ke shiga cikin gida, ya buga da ƙarfi, ya rangaɗa sallama. Ya sake bugawa. Can ciki wani ƙarfe ya fara kuka, ƙiiy, ƙiiy, yana matsowa. Matar ta jingina da bango ta rufe fuska.

Ƙofa ta buɗe. Mai shagon ya riga ya shirya maganarsa: bawan Allah, ka yi hattara da ranka. Ya kai ido inda fuskar namiji ya kamata ta kasance, bai ga kowa ba.

"Ke dai ba kya jin magana," in ji wata murya mai taushi daga ƙasa. "Na ce miki na gama da mota."

"Motar ce ba ta gama da kai ba," ta ce cikin kuka. "Kullum cikin barci kana ɗaure noti."

Mai shagon ya saukar da ido. Mutumin da ya zo ceta yana zaune a keken guragu, bargo a kwance inda ƙafafu suka ƙare, shekara biyu ke nan da jak ya karye, mota ta riga ta faɗo masa, ranar da ya yi ta ihu a bayan rufaffiyar ƙofa har matarsa ta ji, ta yayyage hannuwanta wajen ɗaga ƙarfen.