Tsohon da Ya Koyi Dafa Giya

Kai da kake cewa lokacin koyon sabon abu ya wuce ka, zauna in ba ka misali.

A wata unguwar Maguzawa an yi wani manomi, ƙarfaffa ne a zamaninsa. Da girma ya kama shi, 'ya'yansa suka karɓe fartanya daga hannunsa suka ce ya huta. Ba a jima ba matarsa ta rasu. Ita ce ke dafa giyar gidan, kuma tun da aka binne ta manyan tukwanenta ke kife a bayan rumbu, kaji na hawa kansu. Tsohon ya koma zaman gindin tsamiya, ba ya komai sai kallon hanya. Hutun nan ya fi noma cin jikinsa, ya rame, abinci ma sai an matsa masa. Abu ɗaya ya rage masa, amya da ya rataya a kan wata ɗorawa, yana samun zuma kaɗan-kaɗan. Wata safiya ya tashi ya ɗaga tukwanen nan ya wanke su tas, don hannunsa na ƙaiƙayin aiki, kuma bakinsa ya yi kewar abin da ya saba. Shekaru ya yi yana shan giya, bai taɓa tsayawa ya ga yadda ake yin ta ba. Ya jiƙa dawa ya shimfiɗa ta ya rufe da ganye don ta yi tsiro, ya cika mata ruwa, ta ruɓe ta yi wari. Ta biyu ta yi tsiro, ya shanya ya niƙa ya ɗora a wuta, ya tafi hira, gindin tukunya ya kama, ɗanɗano ya zama na ƙauri. Ta uku kuwa ya dame ta da leƙe, yana buɗewa yana tsoma yatsa, har ta yi tsamin da ko akuya ta shinshina sai ta juya. Unguwa ta samu abin dariya, domin a wurinsu dafa giya aikin mata ne. Babban ɗansa ya ce, "Baba, ka rufa mana asiri. In sha kake so, a saya maka."

Tsohon ya ɗauki kujerarsa ya tafi gidan wata dattijuwa, aminiyar marigayiyar, wadda duk unguwar ta san hannunta a tukunya. Ya zauna cikin amaren da take koya wa, sa'o'in jikokinsa, suna rufe baki da gefen zane suna dariya. Ya ce, "Uwar ɗakina, na zo koyo." Ta dube shi, ta miƙa masa muciya. A wurinta ya san cewa tsiro da ido ake gane shi, wuta kuma ba a juya mata baya, kuma sai dahuwa ta huce ake zuba mata ragowar tsohuwar giya don ta tashi, daga nan a rufe a ƙyale ta. Damina ta wuce yana jeka-ka-dawo, hayaƙi na sa shi hawaye, kafaɗa na ciwo, amma sai ga shi yana cinye tuwonsa har ya nemi ƙari. Da ya fara gane kan abin, ya gwada nasa: ya dama zumarsa da ruwa, ya ɗiga mata ragowar giya, ya zuba a tulu ya toshe baki sako-sako, ya tura ƙarƙashin gado. Wannan karon ya hana kansa leƙe, ko da yake yana jin ta tana ɗan huci kamar mai barci.

Da wata damina ta zagayo, ciyawa ta ci ƙarfin gonar babban ɗan, dole ya kira gayya. Gayya kuwa a can ba ta yiwuwa sai da giya, kuma wanda ya shayar da mutane mara kyau, baɗi ba zai ga kowa a gonarsa ba. Ga shi dattijuwar ta tafi wani gari jegon 'yarta. Tsohon ya ce shi zai dafa. Ɗan ya yarda ne don ba shi da zaɓi, ranar gayya kuma ya kasa haɗa ido da kowa. Rana ta take, samari suka fito daga kunyoyin gona jiƙe da gumi, aka sauke tukwane a inuwa, kumfa na tashi. Shugaban gayyar ya karɓi ƙwarya ta farko, ya kurɓa, sannan ya kafa kai sai da ya ga gindinta. Ya tambayi wace ce ta dafa. Aka nuna masa tsoho zaune a kan kututture. Daga nan tsohon ya sa aka kawo tulun zumar, ya tsiyaya wa manya kaɗan-kaɗan, garau, ƙamshin furen ɗorawa na tashi. Ba wanda ya taɓa shan irinta a unguwar. Makaɗin gayya ya juya gangarsa ya shiga yi wa tsoho kirari, samari suka koma gona suka gama ta tun rana na sama, har suka faɗa ta ƙanen mai gonar ba a roƙe su ba. Da yamma babban ɗan da kansa ya ɗauko tukwanen a ka ya kai su gida, ya durƙusa ya tambayi ubansa dawa nawa zai ware masa a kaka.

To ka ji. Abin da Hausawa suka faɗa ke nan: gemu ba ya hana ilimi.